Direba a Bayan Motarsa

Shekara biyu ke nan Illo yana fara kowace safiya da ɗaukar yayansa. Kafin ya je ya buɗe rumfarsa ta gyaran rediyo a bakin kasuwar Madarumfa, sai ya biya ta ɗakin yayan nasa, Ɗan Baba, ya cusa hannu ɗaya ƙarƙashin kafaɗunsa, ɗaya ƙarƙashin cinyoyinsa, ya juya shi. Kulu, matar Ɗan Baban, ta goge masa baya da ruwan ɗumi, ta sauya zanen shimfiɗa, sannan a mayar da shi yadda yake so, wato fuska ga bango. Illo ba ƙato ba ne. Siririn mutum ne mai ɗan doro irin na waɗanda suka ƙarar da ƙuruciyarsu sunkuye a kan tebur, kuma tun watan farko ƙugunsa ya soma ciwo. Kunya ta hana shi yin kukan ƙugu a gidan da wani ya rasa ƙafafu biyu, don haka bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Da can Ɗan Baba direban kamiyo ne, wato babbar motar kaya, shekara ashirin da biyu yana jigilar gyaɗa daga Maraɗi zuwa Katsina da Kano. A zamanin nan motocin Nijar hannun dama suke bi, na Najeriya hannun hagu, saboda haka duk direban da ya ƙetare iyaka sai ya sauya hannu da zarar an ɗaga masa sandar duwan, wato ta kwastan. Da yawa sukan manta, su yi ɗan nisa kafin hon ɗin wani ya tuna musu. Ɗan Baba kuwa da wannan yake cika baki a tasha, wai shi hannuwansa sun san iyaka tun idonsa bai hango ta ba. Kuma gaskiyarsa ce, ba ƙari ya yi ba.

Sai a shekarar saba'in da biyu Najeriya ta koma hannun dama ita ma. An yi ta shela a rediyo, Illo da kansa ya riƙa ƙure masa murya don ya ji. Sati uku Ɗan Baba yana kiyayewa. A na huɗu, da rana tsaka, ba barci ba, ba gajiya ba, ya wuce sandar iyaka yana tunanin wani abu daban, hannuwan nan da yake yabo suka yi abin da suka saba. Ya ɗaga ido ya ga motar 'yan kasuwa cike maƙil ta nufo shi gadan-gadan. Ya kauce mata, kamiyon ya gangara kwazazzabo da buhunan gyaɗarsa. Ba wanda ya mutu. Shi dai aka zaro daga ƙarƙashin ƙarfe da karyayyen baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ko allura aka soka masa ba ya ji.

Da aka dawo da shi gida ya rantse ba mahaluƙin da zai gan shi a waje ana ɗauke da shi. Masu zuwa dubiya ya riƙa yi musu barcin ƙarya har suka daina zuwa, mutane kuma ba su da wuyar gajiya da gaisuwar da ba a amsawa, balle a shekarun nan na fari da kowa ke fama da rumbunsa. Hamisu maƙwabcinsu, wanda ya bar kamun kifi ya koma aikin amalanken jaki tun da tafkin garin ya ja baya, ya yi tayin ya riƙa fita da shi shan iska.

"Ni da nij ja tan goma har Kano," in ji Ɗan Baba, ko juyowa bai yi ba, "jaki za ya ja ni cikin garinmu ana kallo? Ku bari sai ranar da za ku kai ni kushewa, ku yi ɗauka guda ku huta."

Da bazarar shekara ta biyu ta shigo, bayansa ya fara ɓarkewa. Likitan garin, wani dattijo da bai iya lulluɓe magana ba, ya duba gyambunan, ya ja Illo zaure. Ya ce magani ba zai yi komai ba muddin mutumin na kwance a gefe ɗaya cikin ɗaki mai zafi. Ko dai ya riƙa tashi zaune, a fitar da shi ya sha iska da hantsi, ko kuma ba zai ga damina ba. Illo ya ce to. Ya koma rumfa ya zauna gaban wata rediyo da ya buɗe tun shekaranjiya, ya kasa tuna abin da ke damunta.

A ƙarƙashin teburin nan nasa akwai wani kwali da ya daɗe bai taɓa ba. Shekarun baya wani nasara mai aikin gona a Maraɗi yakan zo bakin tafki ran Lahadi da ɗan jirgin ruwa na wasa, bai fi kamu ɗaya ba. Sai ya tsaya a gaɓa riƙe da akwati mai dogon eriya yana juya jirgin daga nesa, babba da gemunsa, masunta na kallo suna danne dariya. Wata Lahadi jirgin ya tsaya cak a tsakiyar ruwa, ya sha ya nutse. Nasaran ya yi ta faɗa da yarensa, ya dire akwatin a teburin Illo ya ce ya ciri abin da zai cira, bai sake dawowa ba. Bayan kwana uku jirgin ya fito a komar Hamisu tare da tarwaɗa biyu. Illo ya binne kayan cikinsa a buhun dusa har suka bushe. Injin ya yi tsatsa, amma ɗan allon da ke karɓar saƙo ya tsira, haka ma ɗan hannun da ke juya wutsiyar jirgin. Illo ya raɗa wa akwatin suna baki, allon kuma kunne. Ya gwada ya ga har yanzu in baki ya yi magana kunne na ji, sannan ya tura su ƙarƙashin tebur don bai san abin da zai yi da su ba.

Ranar da likita ya yi maganar nan ƙafarsa ta bugi kwalin. Ba wata dabara ce mai haske ta zo masa ba. Ya gwada lallashi, ya gwada faɗa, ya kawo limami, ya kawo tsofaffin abokan tasha, duk a banza, abin da ya rage masa kawai shi ne abin da hannunsa ya iya. Tun da direba ne ya kwanta, to bari a ba shi mota, in ta ƙi shi ke nan.

Aikin ya ci sati biyar, dama ciniki babu, a shekarar da mata ke tonon gidan tururuwa neman hatsi wa ke ta rediyo. Ya yanko ƙasan motar daga garwar kananzir, ya ninka gefunan biyu don kada ta lanƙwashe. Sandunan ƙafa ya yi su da wayar ƙafar keke. Inji ya ciro daga wani garmaho mai aiki da pil, wato batir, wanda mai shi ya yasar tun bara, 'yan ƙarafa masu haƙora kuma daga cikin mataccen agogon tebur, ya haɗa su da siririyar robar da ya yanko daga tib ɗin keke. Dalma ma sai da ya narko ta daga gawarwakin rediyoyin da ke jibge a bayansa. Ƙarfen liƙinsa a garwashi yake gasa shi, in ya ɗauko yana da ɗan lokaci kaɗan kafin ya huce, haka ya yi ta kai da kawowa tsakanin tebur da kasko har 'yan yatsunsa suka yi tabo.

Ƙafafun farko da marafan gwangwani ya yi su, sirara, kyawawa. A kan tebur motar ta yi gudu har ta ba shi sha'awa. Da ya sauke ta ƙasa sai ta tona wa kanta rami ta zauna ciki, don Madarumfa ba kwalta gare ta ba, rairayi ne. Ya cire su ya sa gwangwanayen tumatir guda huɗu, masu faɗi, ya naɗe su da roba ya yi mata zane-zane da wuƙa. Ta daina nutsewa, amma inji ya kasa jan nauyin pil shida, sai kuka yake kamar sauro. Ya sake kwance haƙoran agogon, ya sauya babba da ƙarami, gudu ya ragu, ƙarfi ya ƙaru. Ƙafafun gaba suka riƙa tsalle a kan kowane tsakuwa, ya bi gari yana roƙon matattun bik na rubutu ya ciro 'yan wayoyin da ke murɗe a cikinsu ya dasa. Kowace gyara sai ta haifi wata matsalar, shi kuma ga ƙugu, ga yunwa, ga ɗaukar safe da ba ta fashi. Sau biyu ya tattara komai ya mayar cikin kwali, sau biyu ya sake zazzagewa washegari.

Sababbin pil sun yi wuya a garin, saboda haka ya tara matattu daga tocilolin mutane ya yi musu abin da kowa ke yi, ya ɗan ƙwanƙwasa gefensu da dutse, ya jera su a kan guntun kwano da hantsi rana ta gasa su, su farfaɗo su ba da wuta na ɗan lokaci. Awakin unguwa suka ɗauki abin da gaba, da ya juya baya sai su bi ta kai su watsar, ya bi rairayi yana tsinta yana zaginsu a ciki.

Abu na ƙarshe shi ne akwatin. 'Yan sanduna biyu ne a kansa, ɗaya na tafiya, ɗaya na juyawa. Illo ya dube su ya ce direban kamiyo ba ya tuƙi da tsinke. Ya samo marfin gwangwanin madara, ya kai wa baduku ya naɗe shi da jar fata, ya ɗaura shi a kan sandar juyawa ya zama ɗan bolan, wato sitiyari, sak irin na babbar mota. Da rana tsaka in kasuwa ta yi sanyi yakan fita filin bayan rumfa ya gwada, motar na gaba, shi yana biye a sunkuye yana tsintar abin da ya faɗo, yau ƙusa, gobe roba. Kullum a bayanta yake, don can ne abin da ya faɗi yake zama.

Ran wata Alhamis bayan la'asar ya kawo ta gida a lulluɓe da tsohon zane. Kulu ta share tsakar gida ba ta tambayi dalili ba, ita ma ta wuce tambaya. Illo ya ajiye motar a bakin ɗakin, ya taɓa sandar tafiya, inji ya yi ɗan kukansa. Ɗan Baba na fuskantar bango. Sai muryarsa ta fito a dishe.

"Robar injin ga ta yi sako-sako."

Rabon da ya yi maganar da ta wuce i ko a'a an fi wata. Illo ya durƙusa ya ɗan ja robar. Ya sake taɓawa. Wannan karon Ɗan Baba ya juyo da kai.

"Mi ne ne wanga?"

"Mota ce, Yaya. Direba tar rasa."

Ɗan Baba ya daɗe yana kallonta, garwar kananzir da gwangwanayen tumatir da wata 'yar waya tsaye a bayanta.

"Wa yaƙ ƙera ta?"

"Ni."

"Shi ya sa tak karkace. Jingina ni ga ƙohwa."

Illo ya ɗauke shi ya jingina shi da dogaran ƙofa, ya tokare shi da matashi, ya ɗora masa akwatin a cinya. Kulu ta tsaya a bakin madafa da ludayi a hannu, ta manta abin da ta zo yi da shi. Ɗan Baba ya ɗora 'yan yatsu a kan bolan, ya murza hagu ya murza dama yana duban ƙafafun gaba suna amsawa. Sai ya tura sandar. Motar ta miƙa cikin tsakar gida, ta ratsa tsakanin turmi da murhu ba ta taɓa ko ɗaya ba, ta kauce wa wata kaza, ta tafi sumul har bangon zaure. Can ya yi mata kwana mai faɗi, irin ta mai jan kaya, ta juyo ta fuskanto shi. Illo har ya fara murmushi.

Randar ruwa na gabanta. Ɗan Baba ya murza bolan don ya kauce, motar ta karkata ta nufi randar. Ya ƙara murzawa da ƙarfi, ta ƙara shigewa. Ta daki dutsen da randar ke kai, sandar gaba ta lanƙwashe, gwangwani ɗaya ya fice ya gangaro a hankali har ya zo ya kwanta gaban matattun ƙafafunsa.

Ɗan Baba ya ɗaga hannuwansa daga akwatin yana dubansu, gaba da baya.

"Hannun dama nib ba ta," ya ce. "Tab bi hagu." Ya ɗago ya dubi ƙanensa, ba fushi a idon, wanda ya fi fushi muni. "Ka gani, Illo? Har ta gwangwani. Maida ni."

Daga ranar ko furar da yake ɗan kurɓa ya daina karɓa sai an yi da gaske. Gyambunan suka ƙara buɗewa, ɗakin ya soma wari duk da turaren da Kulu ke sawa. Illo ya zargi kansa iya zargi. Mutum na kwance da ciwonsa ya yi ɓawo, shi ya je ya ɓare masa da hannunsa, wai shi mai dabara. A rana ta uku Kulu ta tare shi a zaure yana fita, idonta a ƙasa.

"Kai ma ka huta hakanan, Illo. Ka yi iyakar yinka, ni shaida ce. Abin da Allah Ya rubuta ba mu iya goge shi."

Ya ji a muryarta ita ta riga ta sallama, kuma bai ga laifinta ba.

Duk da haka ya gyara motar. Ba don yana sa ran wani abu ba, hannunsa ne bai iya zama kusa da karyayyen abu ba. Ya miƙe sandar, ya mayar da gwangwanin. Da ya tashi gwadawa ƙugunsa ya ƙi, ko miƙewa tsaye sai da ya dafa tebur, saboda haka a karon farko ya gwada ta daga zaune. Ta tafi, ya juyo ta, ta nufo shi. Ƙafar tebur na hanyarta. Ya murza dama, ta bi hagu ta daki tebur. Illo ya zauna baki sake. Ya mayar da ita ya sake, haka aka kuma. Sai a sannan abin ya faɗo masa, abin da ko mai tallan goro ya sani in ya tsaya gaban mutum: wanda ya fuskanto ka, damarsa hagunka ce. Sati biyar yana bin motar nan a baya, bai taɓa ganin goshinta ba tana tafe.

Washegari da safe, yana riƙe da yayan nasa Kulu na goge baya, ya faɗa masa a kunne.

"Yaya, ba hannunka ba ne. Ni ma ta yi mini jiya. In ta taho wajen mutum hannun juyewa shike. Laihina ne, ban sani ba."

Aka mayar da shi fuska ga bango. Washegari ma haka. Illo ya ce a ransa shi ke nan, ya faɗi gaskiya, saura na Allah. A safiya ta uku, ya kai bakin ƙofa zai fita, muryar ta tsayar da shi.

"Kai da kake gwada ta, ina kake tsayuwa?"

"Bayanta nike bi." Illo ya dawo ya durƙusa. "In kana so in juya wayoyin, in ta taho ta bi hannunka."

"In ta tahi kuma ta ƙi bi. Kai dai ba ka san mota ba." Ya yi tari. "Ba ta da laihi. Direba ba ya kallon goshin motarshi. Ɗauko ta, ka aje ta ta ba ni baya."

Hantsi ya ɗaga lokacin da aka sake jingina shi da ƙofa. Ya rame ƙwarai a kwanakin nan, Illo ya ji a hannunsa. Motar ta miƙa, ta wuce turmi, ta wuce randar da ta yi mata rauni, amma wannan karon Ɗan Baba bai yi kwana ba. Ya saita ta ga ƙofar zaure, ta haye ɗan tudun dokin ƙofa da ƙyar ta shige duhun zauren, ta ɓace musu. Ya saki sandar.

"In ɗauko ta, Yaya?"

"Ba a juyowa." Ya daɗe yana duban ƙofar da ta shiga. "Kai ni zauren."

Taku ashirin ne daga ɗakin zuwa zaure, Illo ya yi su da haƙora a cije. Ya zaunar da shi a kan dakali. Ƙofar waje a buɗe take, haske ya zubo ciki har Ɗan Baba ya runtse ido, ga rairayin lungu, ga sawun awaki, ga inuwar wani mai wucewa. Motar na tsaye tsakiyar zaure, goshinta ga hasken. Ɗan Baba ya tura sandar, ta fita. Ta bi lungun a hankali tana barin sawu biyu a rairayi, tana ƙanƙancewa, har ta kai inda lungun ya karya. Ya tsayar da ita. Illo na jin numfashin yayansa yana fita da sauri. Daga nan ko dai a juyo ta, ko a je a ɗauko ta, ko a bi ta, kuma duk su biyun sun san haka.

"Hamisu na nan da jakin nashi?" in ji Ɗan Baba.

Hamisu bai yi surutu ba, Allah Ya saka masa. Ya shimfiɗa tabarma da bargo a amalanken, suka kama su biyu suka ɗora shi. Da yake ba ya iya zama shi kaɗai, Illo ya hau ya zauna bayansa, ya rungumo shi ta ƙugu, ƙirjinsa ya zama majingina. Kulu ta leƙo daga zaure ta rufe baki da gefen zane. Jaki ya ɗaga ƙafa, motar ta tashi a gabansa, kuma sai aka yi dace tafiyarsu ɗaya, ba mai jiran wani.

Abin da Ɗan Baba ya ji wa tsoro shekara biyu bai faru ba, don ba shi ake kallo ba. Duk idon unguwar yana kan garwar kananzir da ke tafiya da kanta gaban jaki. Mata masu itace suka tsaya, dattijan gindin bishiyar bedi suka miƙe suna leƙe, wani ya yi salati. Sai daga baya ido ya bi eriya ya sauka kan mai riƙe da ita.

"Direba, an hito?" in ji ɗaya daga cikin dattijan, kamar jiya suka rabu.

"An hito," ya ce, bai ɗauke ido daga hanya ba.

Suka bar lunguna suka hau jar hanyar da ta nufi Maraɗi, tafki na gefe ya janye can nesa ya bar fasasshen laka. Nan ne suka ji ƙugin. Wani kamiyo ne ya ɓullo daga gaba, shaƙe da buhunan dawar taimako, ya cinye faɗin hanyar. Ƙaramar motar na tsakiya. Illo ya ji bayan yayansa ya sandare a ƙirjinsa kamar itace, ya leƙa ta kafaɗa ya ga 'yan yatsun sun ƙanƙame bolan. Ya so ya dira ya je ya tsame ta, amma in ya saki mutumin zai kife, dole ya zauna yana kallo. Kamiyon na matsowa, motar na ci gaba da tafiya tsakiyar hanya.

Ɗan Baba ya ja numfashi, ya murza. Motar ta karkata dama, ta gangara gefen hanya a tsanake, ta tsaya daidai bakin ciyawa. Hamisu ya ja jakinsa ya tsaya bayanta.

Direban kamiyon ya rage gudu, ya leƙo ta taga. Ya dubi gwangwanin da ya ba shi hanya, ya dubi ramammen mutumin da ke kan amalanke da bolan a cinya. Sai ya danna hon sau biyu, gajeru, irin gaisuwar da direbobi ke yi wa juna in sun haɗu. Ɗan Baba ya ɗaga yatsu biyu daga kan bolan, yadda yake yi da can. Illo bai ga fuskarsa ba, kafaɗunsa kawai ya ji suna girgiza a ƙirjinsa, ya ƙara riƙe shi ya kau da kai wajen tafki.

Da ƙurar ta kwanta Ɗan Baba ya share fuska da hannun riga, ya tura sandar. Motar ta ja taƙi ɗaya, inji ya yi ɗan nishi ya yi shiru. Ya sake turawa, ba motsi.

"Pil sun mutu, Yaya."

"Na ji. Gobe da hantsi ka shanya su ƙohwar gida. Ka shimhiɗa mini tabarma kusa. Awakin unguwar ga ba su da mutunci, sai da mai tsaro."

Illo ya tuna nisan ɗakin da ƙofar gida, zuwa da dawowa, gobe da jibi da duk ranakun da ke bayansu. Ƙugunsa ya amsa tun bakinsa bai buɗe ba. Ya gaji, gajiyar da barci ba ya kashewa, kuma rabon da ya ji daɗi irin na yau har ya manta.

"To, Yaya," ya ce.

Hamisu ya sauka ya ɗauko motar, ya kaɗe mata ƙasa, ya ɗora ta a cinyar Ɗan Baba. Ɗan Baba ya juya ta da hannunsa, goshinta ya dubi gaba, sannan Hamisu ya karkata jakin suka nufi gida.